Shin Ƙaurace wa Nama, Madara da Ƙwai Wajibi ne a Kan Mabiyan Wika?

Malam Nasiru:

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. A ci gaba da nazarin da muke yi kan sababbin addinai na ƙasashen Turai, ina so in gabatar da wata mas'ala da mabiyan addinin Wika suka daɗe suna ja-in-ja a kanta a tsakaninsu, wato ko aƙidarsu ta wajabta musu barin cin nama da ƙwai da zuma, da shan madara, da sa tufafin fata ko na gashin tumaki, irin tafarkin nan da ake kira bigan.

Ga waɗanda ba su halarci tattaunawar baya ba, Wika addini ne da ya bayyana a Ingila a tsakiyar ƙarni na ashirin. Wanda ya fito da shi fili shi ne Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, wanda ya ce an shigar da shi wani rukuni na asiri a yankin New Forest a 1939. Bai samu damar yin magana a sarari ba sai bayan da majalisar Birtaniya ta soke tsohuwar dokar hana maita a 1951, sannan ya buga littafinsa kan al'amarin a 1954. Mabiyansa suna da abin bauta biyu, mace wadda suke dangantawa da wata da ƙasa da haihuwa, da kuma namiji mai ƙaho wanda suke dangantawa da daji da namun dawa. Ba su da littafi saukakke, ba su kuma da shugaba guda da kowa yake saurare. A ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta cewa Wika ne addininsu.

Abin da ya fi kama da ginshiƙin ɗabi'a a wurinsu wata gajeriyar nasiha ce, wadda Doreen Valiente, babbar almajirar Gardner, ta furta a bainar jama'a a wani jawabi da ta yi a 1964, ma'anarta kuwa ita ce: muddin ba za ka cutar da kowa ba, to, yi abin da kake so. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar 'yan bigan ta farko ita ma a Ingila aka kafa ta, a watan Nuwamba na 1944, a hannun Donald Watson, wani malamin koyar da aikin katako a Leicester, tare da wasu abokansa 'yan kaɗan. Manufarta ita ce mutum ya guji cin gajiyar dabbobi da azabtar da su, a abinci ko tufafi ko wani abu daban, iya gwargwadon abin da zai yiwu kuma yake aikatuwa.

Ra'ayina shi ne hujja ta kama mabiyin Wika da yake zaune a Landan ko Kalifoniya a yau. Mutumin da ya ce ƙasa uwa ce mai tsarki, dukkan mai rai kuma ɗanta ne, sannan ya ɗauki rashin cutarwa a matsayin ma'aunin aikinsa, alhali yana zaune a inda zai iya rayuwa lafiya ba tare da an yanka masa dabba ba, ban ga ta inda zai kuɓuta ba. Ba maganar abin da ya halatta a gare mu nake yi ba, wannan Shari'a ta riga ta bayyana shi. Su nake aunawa da mudunsu.

Hajiya Binta:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kafin a yi nisa ina da tambaya. Tunda an ambaci maita da abin bauta mai ƙaho, shin waɗannan mutane suna yanka wa ababen bautarsu dabbobi ne kamar yadda aka san 'yan bori suna yanka wa iskoki akuya ko zakara? Idan suna yi, ai muhawarar ta ƙare tun kafin a fara ta.

Malam Nasiru:

Hajiya, ba sa yi, kuma wannan yana cikin abubuwan da kusan dukkan rassansu suka haɗu a kai. Akwai wani rubutu da suke karantawa a tarukan ibadarsu, wanda Valiente ta sake tsara shi a shekarun 1950, inda aka sa wa abar bautar tasu magana a baki tana cewa ba ta neman a yi mata hadaya, domin ita ce uwar dukkan masu rai. Wuƙar da suke riƙewa a lokacin ibada ma ba a yanka komai da ita, nuni kawai ake yi da ita wajen zana da'ira. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa a kan ra'ayina, domin idan uwar da suke bauta wa ta ƙi karɓar jinin 'ya'yanta a wurin ibada, inda aƙalla za a ce an zubar da shi don wata manufa mai girma, da wace hujja mabiyinta zai karɓi wannan jinin a kan teburinsa don daɗin baki kawai?

Dokta Aminu:

Malam Nasiru, na karanta bayaninka da natsuwa, kuma ina ganin ka gina hujjar a kan rabin addinin, ka bar ɗaya rabin. Ka yi dogon bayani kan abar bauta mace, amma namijin mai ƙaho da ka ambata a taƙaice mafarauci ne. Mabiyan Wika suna kiransa da sunan Cernunnos, wanda da yawa suke ganin shi ne aka zana da ƙahon barewa a jikin wata babbar tukunyar azurfa da aka tono a Gundestrup ta ƙasar Denmark a 1891, wasu kuma suna haɗa shi da Herne, mafaraucin da ke cikin tatsuniyoyin dajin Windsor. A fahimtarsu shi ne mai farauta kuma shi ne abin farautar, yana mutuwa kowace shekara don rayuwa ta ci gaba. Ita kanta macen, ɗaya daga cikin sunayen da suka fi kiranta da shi shi ne Diana, wadda Rumawa suka sani da baka da kibiya. Addinin da ya ɗora mafarauta biyu a kan gadon sarautarsa ba za a ce kisan dabba don ci baƙon abu ne a cikinsa ba.

Sannan mu dubi bukukuwansu guda takwas na shekara. Mafi girma a cikinsu shi ne Samhain, a daren 31 ga Oktoba, wanda ya zo daidai da lokacin da manoman arewacin Turai suke rage garkensu, su yanka dabbobin da ba za su iya ciyarwa a lokacin hunturu ba, su sa wa naman gishiri su adana. Malamin tarihi Bede ya rubuta a 725 cewa Ingilawan dā suna kiran Nuwamba watan jini, saboda shanun da suke yankawa a cikinsa. Bikin Imbolc kuwa, na farkon Fabrairu, an danganta shi da lokacin da tumaki suke haihuwa nono ya fara zuwa, shi ya sa har yau da yawansu suke kawo madara da man shanu da cuku a wurin taron. Kalandar ibadarsu gaba ɗaya kalandar manomi mai kiwo ce.

Abu na uku, wanda a ganina shi ne mafi nauyi, shi ne yadda nasihar take a kanta. Idan muka yi amfani da rabe-raben da muka sani a fiƙihu, jimlar ta bayyana abin da yake mubahi ne kawai: duk aikin da ba ya cutarwa, an sakar maka mara ka yi shi. Ba ta ce duk aikin da ke da cutarwa haramun ne ba, ta yi shiru a kansa, ta bar mutum da hankalinsa da ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Manyan mabiyan tafarkin Gardner da dama haka suke karanta ta, kuma su da kansu nasiha suke kiranta, ba doka ba. A 1974 wata majalisar mabiya a Amurka ta zauna a Minneapolis ta fitar da ƙa'idoji goma sha uku na abin da suka yi imani da shi, ta yi maganar alhakin ɗan Adam a kan muhalli da zaman jituwa da halittu, amma ba ta gindaya wa kowa sharaɗin abinci ba. Abin da zan iya amincewa da shi shi ne barin nama mustahabbi ne a wurin wanda ya zaɓa, amma kalmar wajibi ta yi nauyi.

Malama Saudatu:

Dokta, ni likitar dabbobi ce, kuma a Ingila nake aiki, saboda haka zan yi magana kan abin da ke faruwa da dabbar kanta, domin a ganina nan ne hujjar mafarauci take rushewa. Mabiyin Wika na yau ba ya shiga daji da baka ya bi sawun barewa, ya kashe ta da hannunsa, ya roƙi gafararta, ya yi amfani da fatarta da ƙahonta. Babban kanti yake shiga ya ɗauko ƙirjin kaza a cikin leda. Wannan kazar an yanka ta tana da kimanin mako shida a duniya, an kuma zaɓi irinta ne don ta yi ƙiba cikin gaggawa, har ƙafafun wasu su kasa ɗaukar jikinsu. Alƙaluman hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana yanka dabbobin tudu kimanin biliyan 80 a kowace shekara, mafi yawansu kaji, ban da kifi.

Wanda ya ce zai bar nama ya riƙe ƙwai da madara, shi ma bai fita daga cikin jinin ba. A masana'antar ƙwai, 'yan tsakin da suka fito maza ba su da amfani, tunda ba sa yin ƙwai kuma irinsu ba mai tara nama ba ne, don haka ana kashe su a ranar da aka ƙyanƙyashe su, ko da iskar gas ko da injin niƙa. Biliyoyi ake kashewa haka a duniya duk shekara, abin da ya sa Jamus ta haramta shi daga watan Janairu na 2022. Madara kuma, mu da muka san ruga mun saba ganin Bafulatana tana sakin ɗan maraƙi ya fara tsotsa kafin ta tatsi rabonta, uwa da ɗa suna tare. A manyan gonakin madara na nan, ana raba maraƙi da uwarsa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki da haihuwa, a sake yi wa uwar barbara ta hanyar allura, idan nononta ya ragu bayan haihuwa kaɗan a kai ta mayanka tana da shekara biyar ko shida, alhali saniya tana iya kaiwa shekara ashirin. Na tsaya a cikin irin waɗannan rumfuna na ji kukan uwar da aka ɗauke wa ɗa, kuma abin yana taɓa zuciyata har yanzu.

To, mutumin da ya taru da 'yan uwansa a farkon Fabrairu yana girmama uwa mai shayarwa, sannan ya zuba mata madarar da aka samu ta hanyar raba uwa da ɗanta, yaya zai daidaita ibadarsa da abin da ke cikin ƙoƙonsa? Tumakin da Imbolc yake tunawa da su suna tare da 'ya'yansu a makiyaya.

Ishaya:

Ina gaishe ku duka. Malama Saudatu, bayaninki mai ratsa jiki ne, amma akwai wata matsala da take cikin aƙidar Wika kanta wadda ba a taɓo ba. Da yawa daga cikinsu sun yi imani cewa ba dabba kaɗai ke da ruhi ba, itace da ganye da hatsi ma suna da shi, shi ya sa wasu suke neman izinin bishiya kafin su yanki reshenta, su kuma bar mata wani abu a gindinta. A bikinsu na 1 ga Agusta, lokacin girbin farko, suna ɗaukar yankan hatsi a matsayin mutuwar abin bautarsu namiji, burodin da suke ci kuma jikinsa ne da ya bayar. Idan haka ne, a wurinsu babu abincin da ba mutuwa a cikinsa. Ɗan bigan yana shata iyaka tsakanin dabba da tsiro, ya ce wannan yana jin zafi wancan ba ya ji, amma mabiyin Wika yana iya cewa wannan iyakar ba daga addininsa ta fito ba, daga falsafar Jeremy Bentham da Peter Singer ta fito, waɗanda suka sa jin azaba ya zama ma'auni.

Malama Saudatu:

Malam Ishaya, na sha jin wannan hujja daga bakin wasu mabiyan da na sani a nan, kuma amsar da 'yan bigan na cikinsu suke bayarwa ta gamsar da ni. Ko da an yarda cewa tsiro yana da ruhi daidai da na dabba, mai cin nama ya fi kashe tsirrai, domin dabbar da ya ci ta cinye hatsi ninkin abin da ta mayar a matsayin nama. Kusan kashi uku cikin huɗu na waken suya da ake nomawa a duniya dabbobi ake ciyarwa da shi, kuma kiwon shanu shi ne babban dalilin sare dajin Amazon. Rahoton da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ɗora wa kiwon dabbobi kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam yake fitarwa mai ɗumama duniya. Saboda haka wanda yake tausayin bishiya, tausayin nasa ma zai kai shi ga rage nama.

Batun jin zafi kuwa ba falsafa kaɗai ba ne, abu ne da ake gani a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da halayyar dabba. Dokar Birtaniya ta 2022 ta amince a rubuce cewa dabbobi masu ƙashin baya suna ji, ta kuma haɗa har da ƙaguwa da halittar teku mai hannu takwas da ake kira octopus. Addinin da yake cewa yana koyo daga halitta bai kamata ya kau da kai daga abin da aka gano game da halittar ba.

Dokta Aminu:

Malama, duk abin da kika faɗa game da manyan gonakin kasuwanci na karɓe shi, kuma zan iya cewa mabiyin Wika da yake sayen irin wannan nama ba tare da ya damu ba ya saɓa wa ruhin aƙidarsa. Amma ki lura da inda hujjarki ta tsaya. Ta hana cin abin da ya fito daga masana'anta, ba ta hana cin dabba ba. A tsaunukan Sikotilan, tun da aka ƙarar da kerkeci ƙarnuka da suka wuce, barewa ta yi yawan da take cinye ƙananan itatuwa kafin su girma, dole ake harbe dubun-dubatarsu duk shekara don daji ya farfaɗo. Mabiyin Wika da ya ci wannan naman, ko wanda yake da kaji biyar a bayan gidansa yana kula da su har su tsufa, ko mai amya ɗaya ta zuma da yake barin ƙudan da abin da zai ishe su hunturu, wace cuta ya yi da ta fi ta mai cin hatsin da injin girbi da maganin ƙwari suka hallaka ɓeraye da tsuntsaye da ƙwari kafin ya iso kasuwa? Tafarkin bigan yana hana waɗannan duka, domin asalinsa shi ne dabba ba abin amfanin ɗan Adam ba ce ko ta wace fuska. Wika kuwa yana ganin ɗan Adam a cikin da'irar ci da ciyarwa yake, kamar sauran halittu, kuma wata rana ƙasa za ta ci shi.

Malam Nasiru:

Dokta, kai masanin tarihi ne, don haka ka fi ni sanin cewa dogaro da abin da kakanni suka yi ba shi da ƙarfi a wannan addini musamman. Gardner ya gina labarinsa a kan ra'ayin Margaret Murray, wadda ta yi iƙirari a 1921 cewa mutanen da aka riƙa kashewa da sunan maita a Turai mabiya wani tsohon addini ne da ya ɓuya, kuma masana tarihi sun yi watsi da wannan ra'ayi. Binciken da Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya wallafa a 1999 ya nuna Wika sabon addini ne da aka haɗa a ƙarni na ashirin daga tushe daban-daban, mabiya da yawa kuma sun karɓi wannan ba tare da sun bar addinin ba. Jerin bukukuwan nan takwas ma a shekarun 1950 aka haɗa shi, babu wata al'ummar dā da aka sani tana yin su duka. Mutanen da suka zaɓi abin da za su ɗauka daga tarihi, suka ɗauki bikin Samhain suka yar da hadayar jini da take tare da addinan dā, ba za su dawo su ce tarihi ya ɗaure musu hannu a kan nama ba.

Kuma idan tarihin ake so, a cikin masu bautar gumakan dā ma akwai waɗanda suka ƙi nama. An san mabiyan Pythagoras da haka, sannan masanin falsafa Porphyry, mutumin birnin Taya, almajirin Plotinus, ya rubuta dogon littafi a ƙarni na uku yana kare ƙaurace wa naman dabba, yana cewa dabbobi suna da rabonsu na hankali, kuma hadayar farko da 'yan Adam suka yi ta ganye da hatsi ce. Dangane da barewar Sikotilan da kaji biyar na bayan gida, mutum nawa ne cikin dubu goma sha ukun nan suke cin abincinsu ta wannan hanya? Hukunci yana bin abin da ya fi yawa ne.

Dokta Aminu:

Malam, na ji daɗi da ka kawo Porphyry, domin shi da kansa ya faɗa a cikin wannan littafi cewa ba kowa yake yi wa magana ba. Ya cire sojoji da masu aikin ƙarfi da 'yan wasan motsa jiki da matuƙan jiragen ruwa, ya ce kiran nasa na mai neman falsafa ne da yake son tsarkake ransa. Ke nan ko mafi tsananin masu kare wannan ra'ayi a zamanin dā matsayin keɓantattu ya ɗauke shi, bai ɗora shi a kan jama'a duka ba.

Rabi'u:

Iyayena da yayyena, ni ɗalibi ne, ina neman a ƙara min haske a kan abu guda. Idan aka ce abu wajibi ne, ai sai an samu wanda ya wajabta shi da kuma abin da zai samu wanda ya bari. Na karanta cewa tun bayan littafin Scott Cunningham na 1988, wanda ya koya wa mutane yin Wika su kaɗai ba tare da shiga rukuni ba, masu yin addinin a ɗakunansu sun yi yawa ƙwarai, kowa shi ne limamin kansa. Na kuma kwatanta da addinin Jain na Indiya, wanda shi ma rashin cutarwa ne ginshiƙinsa. Su sun mayar da shi dokoki filla-filla: ba sa cin nama da ƙwai da zuma, masu tsanantawa ba sa cin dankali da albasa don kada a kashe tsiron gaba ɗaya da ƙananan halittun da ke jikin saiwarsa, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, suna tace ruwan sha. Wannan shi ne kamannin addinin da ya ɗauki rashin cutarwa a matsayin farilla. Tunda Wika bai yi haka ba cikin shekara saba'in, anya ba alama ce ta cewa ba haka suka fahimci nasihar tasu ba?

Malam Nasiru:

Rabi'u, tambayarka ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Wajibcin da nake nufi ba na hukuma ba ne, na lamiri ne, irin wanda yake hawa kan mutum saboda abin da ya furta da bakinsa cewa ya yi imani da shi. Suna kuma da nasu tunanin sakamako, wato imanin cewa duk abin da mutum ya aikata, alheri ko sharri, zai dawo masa ninki uku, wanda Raymond Buckland ya yaɗa bayan ya kai tafarkin Gardner Amurka a shekarun 1960. Ba dukkansu suka yarda da shi ba, ita kanta Valiente ta nuna shakku a kansa, amma wanda ya yarda da shi ya kamata ya tambayi kansa me zai dawo masa daga rumfar kajin da Malama Saudatu ta bayyana. Misalin Jain kuma yana taimaka min ta wata fuska, domin a al'adance suna shan madara, amma a yau akwai matasansu a Birtaniya da Amurka da suke barinta saboda sun ga yadda ake samar da ita ya canza. Ƙa'idar tana nan yadda take, yanayin da ake aiwatar da ita ne ya sauya.

Hajiya Binta:

Na bi maganganunku duka, kuma akwai abin da nake so a sa a ma'auni. Mu dai Allah ya halatta mana nama, ya kuma umarce mu da kyautatawa, kamar yadda ya zo a hadisin da ke cikin Arba'una cewa idan za a yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Don haka abin da Malama Saudatu ta faɗa game da 'yan tsaki da maruƙa mu ma ya shafe mu, ba sai mun ari aƙidar kowa ba. Amma game da su, ina ganin duk wanda zai ɗora wa mutane wajibi dole ya dubi ƙarfinsu. A cikinsu akwai matalauta, akwai masu juna biyu, akwai marasa lafiyar da likita ya tsara wa abinci, akwai waɗanda suka taɓa fama da ciwon ƙin cin abinci waɗanda ƙara musu dokar ci zai iya mayar da su cikin ciwon. Nasihar tasu, kamar yadda na fahimta, ta haɗa da kada mutum ya cutar da kansa.

Malama Saudatu:

Gaskiya ne, Hajiya, kuma akwai abu guda da ba a wasa da shi, wato sinadarin bitamin B12, wanda ba a samunsa yadda ya kamata daga tsirrai. Duk mai bin tafarkin bigan dole ya sha ƙwayarsa ko ya ci abincin da aka ƙara masa shi, in ba haka ba yana iya samun ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. A Ingila wannan abu ne mai sauƙi da araha. Sharaɗin nan na iya gwargwadon abin da zai yiwu, wanda Malam Nasiru ya ambata tun farko, shi ne ya buɗe ƙofa ga mara lafiya da wanda ba shi da hali.

Ina so kuma in nuna cewa a aikace mas'alar ta wuce abin da mutum yake ci a gidansa, ta shiga cikin da'irar ibadar. A ƙarshen kowane taro suna raba waina da abin sha a tsakaninsu, wainar kuma bisa al'ada da man shanu da zuma ake yinta, giyar inabin ma sau da yawa ana tace ta da farin ƙwai ko da wani sinadari daga mafitsarar iska ta kifi. Kyandirorinsu na kakin zuma ne, gangunansu na fatar akuya, wasu wuƙaƙen da ƙotar ƙaho, ga gashin tsuntsaye da ƙasusuwa a kan teburin ibada. Wata abokiyar aikina da take cikin wani ƙaramin rukuni ta gaya min cewa da suka samu 'yan bigan a cikinsu, sai suka mayar da wainar ta man gyaɗa da garin alkama, abin sha ya koma ruwan tuffa, don kowa ya iya ci daga faranti ɗaya, amma da aka zo kan tsohuwar gangar da suka gada daga wadda ta kafa rukunin, sai aka rabu biyu, wasu suna cewa ajiye ta wulaƙanta akuyar da ta riga ta mutu ne, wasu suna cewa ba za su iya yin ibada da sautin fatar dabba ba. Gangar tana nan, ana kaɗa ta a wasu tarukan, ana ajiye ta a wasu.

Dokta Aminu:

Wannan labarin ya fi kusa da abin da nake ƙoƙarin faɗa, Malama. Sun canza wainar ne don haƙƙin 'yan uwansu da ke cikin da'irar, ba don sun yanke cewa addinin ya haramta man shanu ba. Dokar Birtaniya ma haka ta raba abubuwan biyu. A watan Janairu na 2020 wata kotun ma'aikata a Norwich ta yanke cewa bin tafarkin bigan saboda ɗabi'a imani ne na falsafa da dokar daidaito ta 2010 take karewa, a matsayinsa na abu mai zaman kansa, ba reshen wani addini ba, kamar yadda wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta amince da Wika a matsayin addini tun 1986 ba tare da ta ambaci abin da mabiyansa suke ci ba. Mutum yana iya riƙe su biyun, kuma na fahimci dalilin da ya sa da yawa suke ganin ɗaya yana kai su ga ɗayan.

Malam Nasiru, abin da nake so ka amsa min shi ne batun mafaraucin Sikotilan, wanda ka ture da cewa irinsa ba su da yawa. Ƙarancinsu bai warware mas'alar ba, domin kai wajibi ka ce. Idan mabiyin Wika guda ɗaya zai iya harbe barewar da dole sai an rage yawanta, ya ci namanta, ya kasance bai saɓa wa nasiharsu ba, to, abin da ya hau kansu shi ne guje wa azabtar da dabba da sanin asalin abin da suke ci, wanda wani lokaci zai kai su ga barin nama, wani lokaci kuma ba zai kai su ba. Idan kuwa kana ganin shi ma ya saɓa, sai ka nuna mana yadda za a yi da barewar da take cinye dajin, tunda babu kerkecin da zai rage ta.